Gurguzu da Tagar Kawu

Ranar da Maigida ya miƙa mana makullan shago bai yi wani dogon jawabi ba. Ya tsaya tsakanin kekunan ɗinki dafe da sandarsa, ya ce gwiwoyinsa sun gaji, zai koma wurin babban ɗansa ya huta, shago kuma ya bar mana mu biyar ɗin nan da muke masa aiki.

"Ban sayar muku ba, ban kuma ba ku aro ba," ya ce. "Ku riƙe shi bisa tsarin gurguzu. Shekara arba'in na yi ina yaɗa shi a ƙungiyar ƙwadago, bari in gan shi da idona ko sau ɗaya kafin ta Allah ta kasance."

Muka yi ta godiya, Anti har da hawaye. Sai da motar da ta zo ɗaukarsa ta sha kwana sannan Mai guga ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Wai da me ya ce mu riƙe shi?"

Kowa ya dubi na kusa da shi.

Shagon namu dogo ne siriri, taga ɗaya gare shi, ita ma a gaba, kusa da ƙofa. Kekuna huɗu ne a jere, kowanne an kafe shi a teburinsa. Na bakin taga na Kawu ne, yayan mahaifiyata, wanda ya koya min riƙon almakashi tun ina ƙarami. Shekararsa talatin a wannan kujerar. Na biyu sabon keke ne mai lantarki, a ƙarƙashin fanka, wanda Rediyo ke kai. Mun sa masa wannan suna ne don ba labarin duniyar da bai sani ba, kuma ba a taɓa gano inda ake kashe shi ba. Na uku na Anti ne, mai ɗinkin kayan mata. Na ƙarshe, can ƙurya inda ƙwan lantarki ɗaya ke ta fama da duhu, nawa ne, ko da yake rabin yinina a teburin yanka nake yin sa. Mai guga kuwa yana bayan labule da dutsensa da tururinsa.

Akwai abin da ni kaɗai na sani a shagon nan. Idanun Kawu sun fara mutuwa. Tun bara na raka shi asibiti a ɓoye, likita ya ce yanar ido ce take rufe su a hankali, a yi aiki. Kawu ya ce ba mai sa masa wuƙa a ido yana raye. Kullum nakan riga kowa zuwa in zura masa zare a keke, in jera masa allurai shida da zarensu a jikin wani ƙyalle. Muddin hasken taga na sauka a kan yadi, hannunsa ya san sauran, ɗinkinsa kuma har yanzu ba mai kama ƙafarsa. Amma da zarar ya matsa daga hasken nan, lalube yake yi.

A hanyarmu ta dawowa daga asibitin ya riƙe min hannu ya ce, "Mutane suna kawo yadinsu mai tsada suna cewa a ba Tsoho. Ranar da suka ji Tsoho ba ya gani, na gama. In ka faɗa wa ko da uwarka ce, ban yafe ba." Na rantse masa.

Washegarin tafiyar Maigida, bayan mun ci abincin rana, muka rufe ƙofa muka yi taronmu na farko. Rediyo ne ya miƙe, ba tare da an zaɓe shi ba.

"Gurguzu," ya ce, "shi ne gwamnati ta mallaki masana'antu da gonaki, ta tsara wa kowa abin da zai yi. Ba mai cewa nawa."

"To mu nan wace ce gwamnatin?" in ji Anti.

"Sai mu naɗa wanda ya fi sanin abin."

"Wato kai."

"Ni ban ce ba."

"Ai ba sai ka ce ba, har ka gyara wuyan riga." Anti ta ajiye kofinta. "Ni 'yata tana aikin jinya a wata ƙasa, ta ce can gurguzu suke yi. Makaranta kyauta, asibiti kyauta, in ka tsufa a kula da kai. Amma kowa da shagonsa, kowa da motarsa."

"Wannan ba gurguzu ba ne, Anti. Jari-hujja ce ta yi wanka ta shafa turare."

"Su da suke ciki sun ce gurguzu ne, kai da kake nan bakin fanka ka ce ba shi ba ne?"

Mai guga ya leƙo daga bayan labule. "Ni dai na ji an ce masu gurguzu ba su yarda da Allah ba. In haka ne ku cire sunana tun wuri."

"Wannan wani reshe ne daban," in ji Rediyo.

"Au, har rassa gare shi?"

Ni ma ina da nawa karatun, wanda na tsinta a bakin Maigida tsawon shekaru ina yanka yana surutu. Na ce gurguzu ba ruwansa da gwamnati, shi ne mai aiki da keke ya mallaki keken, mai zufa ya ci zufarsa. Rediyo ya ce wannan ƙungiyar haɗin gwiwa ce kawai, ko a ƙasashen 'yan jari-hujja ana yin ta. Na ce to can da gwamnati ta ƙwace komai ai ma'aikaci maigida kawai ya canja. Ya ce ban karanta ba. Na ce shi ma ji ya yi. Muka yi ta yi har shayin da ke gabanmu ya huce. Kawu kuwa yana bakin tagarsa yana kalmasa ƙafar wando.

Duk da haka mun tashi da dokoki biyu. Ta farko Anti ce ta kawo: tunda ba maigida, ba ɓoye-ɓoye, duk abin da aka yanke a rubuta shi da dalilinsa a manna a bango. A kan wannan kam duk rassan gurguzu sun yarda. Na ba da faffaɗar takardar da nake zana samfurin riga a kai, aka manna ta a bangon da ke kallon ƙofa, Anti ta zama mai rubutu don hannunta ya fi kyau. Ta biyu ta Rediyo ce: tunda ba mai yi mana faɗa yanzu, duk wanda ya ɓata kayan mutane sau uku ya sauka daga keke, ya koma sa maɓalli da taya guga. Kowa ya ɗaga hannu. Wa zai ce shi yana shirin ɓata kaya?

Da mun tsaya nan da an zauna lafiya. Amma baki shi ke yanka wuya, kuma nawa ne ya yanka.

Gaskiya sabon keken nan ya daɗe yana ci min rai. Ni ina ƙurya ina taka tsohon keke har cinyata ta yi tsami, Rediyo na zaune iska na kaɗa shi, ya ɗan taɓa da yatsan ƙafa keke ya yi ta gudu. A taro na biyu, da ya sake cewa ban karanta ba, sai zuciya ta ɗebe ni.

"To malam mai karatu," na ce, "a wane littafin aka ce sabon keke na mutum ɗaya ne? Ka ce ba mai cewa nawa. In gurguzu ne, a riƙa zagayawa, kowa ya ɗana."

Na zaci zai yi gardama. Sai ya shafa haɓa, ya ce, "Ka yi gaskiya." Wallahi har na ji daɗi. Sannan ya ƙara da cewa, "Amma gaskiya ba ta tsayawa rabin hanya. In keke zai zagaya, fanka ma ta zagaya, ƙurya ta zagaya, taga ta zagaya. Duk mako kowa ya matsa kujera ɗaya. Ba ɗan mowa, ba ɗan bora."

Na dubi Kawu. In na ce ban da taga, za a tambaye ni dalili, dalilin kuma na rantse ba zan faɗa ba. Na fara kame-kame, na ce ai akwai girma, akwai shekaru.

"Girma da shekaru sarauta ce," in ji Rediyo. "Ita aka fara rushewa."

Anti ta ce ita dai ko mako ɗaya ne tana so ta ga launin zare da hasken rana kafin ta tsufa. Aka ce a ɗaga hannu. Hannun da ya riga na kowa tashi na Kawu ne. Ya ɗaga shi sama sosai, yana kallon gabansa, ko inda nake bai duba ba.

Da aka watse na same shi yana naɗe tef ɗin awo. "Kawu, me ya sa?"

"So kake in ce ina tsoron kujera?" ya ce. "Kai ka kunno ta, sai ka bari mu gani."

Makon farko Kawu ya matsa kan sabon keke, ni kuma zagaye ya jefo ni bakin taga. Ban taɓa zama a wurin da ya ƙone ni kamar kujerar nan ba. Ga haske har ya yi yawa, ga shi ina jin sabon keke na fizgar yadi daga hannun Kawu, yana tsayawa, yana shafa ɗinkin da yatsa, yana sake farawa. Ranar Talata na ce to ni na yafe makona, mu yi musaya da Kawu.

"Ba a yi haka ba," in ji Rediyo daga keke na uku. "Musaya ciniki ce. Yau ka ba shi don kawunka ne, gobe wani ya ba da tasa don an saya masa shayi. Ta nan jari-hujja ke shigowa."

"Haba," in ji Anti daga ƙurya, "ai na ji akwai ƙasashen gurguzu da ke da kasuwa fal, har su ke sayar wa duniya kaya."

"Shi ya sa wasu suka ce sun daina gurguzu."

"Su kuma suka ce me?"

"Suka ce suna yi."

"To wa za mu bi?"

Mai guga ya fito da dutsen guga a hannu ya ce shi fa har yanzu bai ga inda zagayen ya biyo ta kansa ba, kowa na canja kujera shi yana nan cikin tururi. Jiya ya kwana yana goyon bayan gurguzu, yau ya fasa. Rediyo ya ce ai shi bai iya ɗinki ba. Ya ce to ashe ko a gurguzun ma akwai na bayan labule.

Da abin ya ishe mu muka kira Maigida a waya, muka sa a lasifika, muka kewaye ta. Na tambaye shi kai tsaye ko musayar kujera ta halatta a gurguzu. Ya yi dariya har da tari.

"Yaro, a ƙungiya mun taɓa rabewa gida uku a kan abin da bai kai wannan ba. Har yau akwai wanda ba ma gaisawa."

"To wanne ne na gaskiyan, Maigida?"

"Duk wanda ka tambaya nasa ne na gaskiya. Ku dai ku yi adalci."

"Adalcin shi ne kowa ya samu daidai da na kowa, ko kuwa..."

Sai muka ji jikokinsa na ihu, ya ce ana kiransa, waya ta mutu. Rediyo ya ce kun ji, ya ce adalci, wato daidaito. Anti ta ce ita ba haka ta ji ba. Ni kuwa na koma bakin taga na zauna, kaina ya fi na da ɗaurewa.

Mako na biyu Kawu ya koma keke na uku. Nan hasken taga ba ya kaiwa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ya ɗora wa wata riga kwala a karkace, na faki ido lokacin cin abinci na warware na mayar. Ya haɗa hannun riga na dama a hagu, shi ma na gyara. Ina kan sabon keken da na yi ta haƙilo a kai, amma ko daɗinsa ban ji ba, kullum idona na kan kafaɗar Kawu. Na roƙe shi a hanya ya ce ba shi da lafiya ya huta mako biyu har zagaye ya dawo da shi taga.

"Sannan in ya sake zagayowa fa?" ya ce. "In riƙa ciwo mako uku, lafiya mako ɗaya?"

Ranar Alhamis ya ɗinke bakin aljihun wandon wani direba ruf, kuma kafin in gani Mai guga ya gani. Ba mugunta ya yi ba, ɗaga shi ya yi yana dariya yana cewa an yi wa direba maganin kashe kuɗi. Anti ta ɗauki alƙalami, ta rubuta a bango: Kawu, ɗaya.

Mako na uku ya shiga ƙurya. Na canja ƙwan wurin da wanda ya fi haske, na ce don kowa na yi. Bai taimaka ba. Ran Litinin ya yi wa shuɗin yunifom na 'yan makaranta tsawon layi da baƙin zare, har guda takwas. Aka rubuta biyu. Shagon ya yi tsit a 'yan kwanakin nan, Rediyo ma ya rage labarai. Na lura yana zaune bakin taga kamar wanda aka ɗora a kan ƙaya, amma da na ce masa ko za a sake duba dokar, sai ya ce in aka karya ta don mutum ɗaya, gobe ba doka.

Ran Laraba wani malamin makaranta ya zo karɓar kwat ɗinsa. Ya sa, ya tsaya gaban madubi, ya fara ɓalla maɓallai. Ramukan sun hau sun sauka, gefe ɗaya na kwat ɗin ya fi ɗaya tsawo da kusan yatsa biyu. Ramin maɓalli kuwa in an yanka shi an yanka, ba ya warwaruwa. Malamin bai yi faɗa ba. Ya cire, ya ninke, ya ce, "Tsoho ne ya yi wannan?" Da ya zage mu ma da ya fi sauƙi.

Bayan ya fita muka rufe ƙofa. Can Rediyo ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Uku ke nan. Ni ban so ba, Allah ya sani. Amma mu muka ɗaga hannu."

Na san abin da saukar nan take nufi. Mutumin da ba ya ganin ramin allura ba zai iya sa maɓalli ba, kwana biyu zai yi a gane, kuma Kawu ba zai tsaya yana miƙa wa Mai guga riguna ba. Gaba kura, baya sayaki. Na laluba cikin abin da na taɓa ji a bakin Maigida na cafko wanda ya fi kusa.

"Ku tsaya," na ce. "Gurguzu ba daidaito ba ne. Cewa aka yi kowa ya ba da gwargwadon iyawarsa, a ba shi gwargwadon buƙatarsa. Mai buƙatar taga a ba shi taga."

"Wannan kwaminisanci ne," in ji Rediyo. "Shi ne mataki na gaba. A gurguzu gwargwadon aikinka ake ba ka."

"Ba cinya ba, ƙafar baya," in ji Anti.

"Da bambanci, Anti."

"To mu tsallaka matakin gaban mana, tunda mu biyar ne kawai!"

"Ba a tsallake mataki."

"In ji wa?" na daka masa tsawa. "Shekaranjiya ka ce gwamnati, jiya ka ce daidaito, yau ka ce mataki. Kai kanka ka san abin da kake faɗa?"

Rediyo ya ce, "Ban sani ba duka. Kai ma ba ka sani ba. Amma na ji, mu ɗauka naka ne daidai. Buƙata ai sai an faɗe ta, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kawu, kana da wata buƙata ta musamman da taga?"

Duk muka juya. Kawu na zaune a ƙurya, hannayensa a kan gwiwa.

"Ba ni da buƙatar komai," ya ce. "Na ɓata kaya uku. A bi doka."

Anti ta miƙa hannu ga alƙalami. Ina kallon hannun nan nata yana tafiya. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Ba ya gani! Yana ce a idonsa, shekara guda ke nan. Ni nake zura masa zare kullum da safe. In ba a bakin taga ba, ba ya ganin ko layin alli. Ku kuna ta mataki da reshe, mutum yana ɗinki a cikin duhu!"

Anti ta dafe ƙirji ta ce innalillahi. Mai guga ya sunkuyar da kai, ya ce shi da ya yi dariyar aljihu, Allah ya yafe masa. Rediyo ya tashi daga kujerar taga kamar ta ƙone shi, ya ce, "Kawu, don Allah ka gafarce ni. Da na sani ko da wasa..." Nan take aka ɗaga hannu huɗu: taga ta Kawu ce har abada, an shafe laifi uku, sauran kujeru su ci gaba da zagayawa. Rediyo ya ce wannan kam ko a wane reshe gurguzu ne. Anti ta ce ita a wurinta tausayi ne kawai, ba sai an sa masa suna ba. Har suka so su fara sabuwa a kai.

Kawu bai ɗaga hannu ba. Rediyo ya kama masa hannu ya kai shi kujerarsa, ya zauna. Ni kuwa sanyi ya ratsa ni, na ce a raina zai yi fushi kwana biyu ya huce, tunda ga shi a tagarsa. Ina can ina lallashin kaina ban kula ba Anti ta juya bango tana bin dokar farko da kyakkyawan rubutunta.

Washegari na zo da wuri na zura masa zare kamar kullum. Ya amsa gaisuwata a taƙaice. Wajen ƙarfe goma wata mata ta shigo, matar wani mai kantin magani, wadda ta fi shekara goma ba ta yarda kowa ya taɓa kayan mijinta sai Kawu. Tana rungume da yadi mai tsada. Kawu na ƙarasa wani layi, sai ta tsaya jira, idonta ya sauka a bangon da ke kallon ƙofa. Na ga leɓɓanta suna motsi. Na bi idonta na karanta: Taga ta Kawu ce dindindin, saboda lalurar rashin gani.

Ta gyara riƙon yadin. Da Kawu ya ɗago ya miƙo hannu, sai ta ɗan ja baya, cikin ladabi.

"Baba, ashe ba ka ji daɗi ba. Sannu, Allah ya ba da lafiya. Kada in wahalar da kai, bari in ba ɗanka wannan karon." Ta ajiye yadin a teburina.

Hannun Kawu ya daɗe a miƙe kafin ya sauke shi. Da ta fita ya kira ni, ba da ƙarfi ba.

"Me aka rubuta a bangon can?"

"An ce taga taka ce, saboda ka fi kowa daɗewa da iya aiki."

"Rubutun ne ba na gani," ya ce. "Muryarka ina jin ta tun ranar da aka haife ka."

Na je na fizge takardar daga bango na yayyaga ta. Anti ta fashe da kuka tana cewa ita doka ta bi, an ce a rubuta da dalili. Rediyo ya ce laifinsa ne, Mai guga ya ce a'a, laifin gurguzu ne, Rediyo ya ce ba gurguzu ba ne ya ce a manna ciwon mutum a bango, Anti ta ce to wa ya ce ba ɓoye-ɓoye in ba shi ba. Ni ban ma san wa zan ba gaskiya ba, don duk abin da muka yi sai da muka ɗaga hannu a kansa, kuma kowane da niyyar alheri.

Kawu ya cire zaren daga keke, ya goge kan teburin da tafin hannu, ya lulluɓe keken da mayafinsa alhali ko azahar ba ta yi ba. Ya sa almakashinsa a aljihu. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya yi musu sallama, ya ce ba wanda ya yi masa laifi. Na bi shi har waje.

"Kawu, tagar taka ce fa. Kowa ya yarda."

Ya tsaya a bakin titi. "Shekara talatin tawa ce don na iya," ya ce. "Yau tawa ce don an ji tausayina. Ka koma ka tambayi masu iliminku wanne ne gurguzun a ciki. In kun gano ka aiko a faɗa min."

"Don kada su sauke ka na faɗa."

"Na sani. Da sun sauke ni, da tela aka sauke wanda ya yi kuskure uku."

Na kama gwiwar hannunsa zan tsallakar da shi, ya zare hannun a hankali, bai ko dube ni ba. Na koma bakin ƙofa na tsaya. Ya daɗe a gefen titin, kansa a ɗan karkace yana sauraron motoci, sai da ya ji sun yi sauƙi sannan ya taka shi kaɗai.